Kibiyar Ɗalibata Na Hawa, Tawa Na Kwance

Yaya mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni kafin taron malamai na ƙarshen wata, domin kaina ya kulle. Akwai wata takarda a cikin jakata yau kwana tara, kullum in tafi da ita makaranta in dawo da ita, har gefenta ya fara laushi. In na miƙa ta ga hedimasta, zan iya ɓata wa wata yarinya aikinta. In ban miƙa ba, ji nake baƙin ciki zai kashe ni a tsaye. Kada ki nemi sunana ko na makarantarmu, abokan aikina duk suna karanta filinki, har hedimastan da ke cewa shi labarin wasanni kawai yake dubawa.

Ni malamar firamare ce. Shekarata ashirin da biyu ina koyar da karatu a aji uku, alli ya ci mini yatsu har ba na iya sa zobe sai a hannun hagu. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in ka ga ma'aikacin banki ko mai sayar da magani ɗan ƙasa da shekara talatin, to da wuya in ba ta hannuna ya bi ba. Yara suna ce mini Anti Babba. Wadda nake miki magana a kanta kuma suna ce mata Anti Ƙarama, ita ce ke riƙe da ɗaya ajin na uku, bango ɗaya ne tsakaninmu. Abin da zai ba ki mamaki, ni na koya wa yarinyar nan karatu. An kawo mini ita tana 'yar shekara takwas, ga majina, ga kuka, harafi in ya juya baya ba ta gane shi. Zango biyu cur ina zama da ita a ƙarƙashin matakalar bene lokacin tara, sauran malamai suna shan shayi ni ina yanka mata kwali ina rubuta baƙaƙe. Da ta gama kwalejin horon malamai shekara uku da suka wuce, ni na shiga ofishin hedimasta da ƙafata na ce a ɗauke ta. Har gobe in ta gan ni a ƙofa sai ta karɓi jakata.

To a farkon shekarar karatun nan makaranta ta kawo wani sabon gwajin karatu da ake yi a kwamfutar hannu. Mu malamai mun sa mata suna Alƙali. Yadda take, kowane yaro ya zauna da tasa, ya sa abin ji a kunne, ta ba shi tambaya. In ya ci, ta ƙaro masa mai wuya. In ya faɗi, ta sauko masa da mai sauƙi. Haka za ta yi ta hawa da sauka da shi har ta gano inda ƙarfinsa ya tsaya, saboda haka ba yara biyu da ke samun tambayoyi iri ɗaya. Daga nan sai ta raba su launi uku: kore ga wanda ya kai, rawaya ga wanda ke hanya, ja ga wanda ke neman taimako. Sau uku ake yi a shekara, kuma daga gwaji na biyu kowane yaro yana fitowa da kibiya a gaban sunansa, ko tana hawa, ko tana kwance, ko ta yi ƙasa. Yaron da ya fito ja sau biyu a jere, ana sa shi a ajin tallafi, wani ɗan ɗaki kusa da laburare mai kujera goma sha biyu, inda wata ƙwararriyar malama ke zuwa sau uku a mako. Na yi miki wannan dogon bayani ne don ki fahimci inda aka cuce ni.

Gwajin farko kowa ya tsare ajinsa. Da sakamako ya fito, cikin yarana talatin da takwas, talatin da ɗaya kore ne, ja biyu kacal. Ajin Ƙarama kuwa kamar an yi ɓarin jan fenti, ja goma sha ɗaya. Na same ta a ofishin malamai ta zuba wa takardar ido, na dafa kafaɗarta na ce kada ta damu, koyarwa sai a hankali. Har tsoffin kwalayen baƙaƙena na kwaso mata daga gida. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa: tausayin nan ya yi mini daɗi a baki. Na koma gida ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Wata huɗu bayan nan aka yi na biyu. Wannan karon hedimasta ya ce a yi musanya, ni in tsare ajinta, ita ta tsare nawa. Yaya, ranar da takarda ta fito da na sani da na ce ba ni da lafiya. Kibiyoyin ajinta duk sun miƙe sama, jajayenta goma sha ɗaya sun koma huɗu. Nawa kuwa, rabin ajin a kwance, tara sun yi ƙasa. Kuma mutumin nan bai ga inda zai manna takardar ba sai a allon sanarwa na ofishin malamai, daidai saman inda muke dafa ruwan shayi, yadda duk wanda ya zo zuba ruwan zafi sai ya karanta. Malamin lissafi ma har da gyara tabarau. A taron ranar hedimasta ya sa aka tafa mata, ya ce a taron ƙarshen wata za ta tsaya ta nuna mana dabarunta, mu da muka riga ta fara aiki tun tana tsotson yatsa. Sannan ya ce yana tunanin ba ta jagorancin sashen karatu na makarantar gaba ɗaya. Kujerar nan kowa ya san ni ake ajiye wa, tun da mai riƙe da ita ta ce za ta yi ritaya.

Tun daga ranar ban ƙara zama daidai ba. Ina ƙirga iyayen da suka fara gaishe ta kafin ni a bakin get. Ta sayi sabon takalmi, ƙarar tafiyarta a baranda kawai ɓata mini rai take yi. In ajinta suka fashe da dariya, sai in ji na daka wa nawa tsawa ba su yi komai ba. Akwai wata 'yar waƙar wasula da na ƙirƙira tun kafin in yi aure, yanzu ta bango nake jin yaranta suna rera ta, har sun ƙara mata tafi a ƙarshe, kuma abin haushi ta fi daɗi da tafin. Mafi ciwo, ranar da aka tafa mata ta miƙe ta ce duk abin da ta iya a wurina ta koya, kowa ya juyo yana mini murmushi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi yaƙe, na ce Allah ya yi albarka, a raina kuwa kamar an zuba garwashi.

A gida ma ban tsira ba. Maigidana tela ne, shagonsa na jikin gidanmu, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. In na dawo na ɗaure fuska sai ya leƙo ta taga da awo a wuya ya tambaya ko yau ma Alƙali bai ba da beli ba. Babbar 'yata da ke karatun aikin jinya ta ce mini kai tsaye wai kishi ne ke damuna, in sha ruwa da yawa. Na ce mata in ta ƙara, ita da kwanon abincinta a waje za su kwana. Amma da na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na san ba ƙarya ta yi ba. Kishi nake yi, Yaya. Ina kishin yarinyar da na share wa majina da gefen mayafina, kuma ina jin kunyar kaina, kunyar kuma ba ta rage kishin da komai ba.

Sai dai ba kishi kaɗai ba ne, ina da hujja. Ranar gwajin farko na fita ɗauko cajar kwamfuta, na bi ta tagar ajinta, na ji da kunnena tana gaya wa yara cewa duk tambayar da ba su sani ba kada su yi kame-kame, kada su leƙi na kusa, su danna wurin da aka rubuta ban sani ba su wuce, ba wanda zai dake su don sun fito ja. Ta koma kujerarta ta naɗe hannu. Wata yarinya a layin gaba tana hawaye, ita ko a jikinta, sai dai ta miƙa mata hankici. A lokacin na ce rashin tausayi ne irin na yaran zamani. Yanzu da na zauna na haɗa lissafi, sai na ga wayo ne. In ka bar yara suka faɗi ƙasa warwas a gwajin farko, ai dole kibiyarsu ta hau a na biyu, tunda ba inda za su je sai sama. Abin da na rubuta a takardar da ke jakata ke nan: cewa da gangan ta danne sakamakon farko don a ga ta yi abin kirki daga baya, kuma ina neman a yi bincike kafin a ba ta kujera.

Kuma don ki san na'urar nan ba ta da hankali, bari in ba ki labarin wata yarinya a ajina da muke kira Rediyo. Bakinta ba ya hutawa. In na karanta shafi sau ɗaya, za ta maimaita miki shi daga farko har ƙarshe, har da inda na yi tari. Ita nake tayarwa in baƙi sun zo duba makaranta. Na san tana da ɗan rauni in aka ba ta rubutun da ba ta taɓa ji ba, takan tsaya tana kallon hoto tana ƙirƙiro labarinta, amma yaro mai kai irin wannan ai lokaci kawai yake buƙata. Ranar gwajin farko na ga ta ƙame a gaban gilashin, bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu. Zuciyata ta kasa ɗauka. Ina da wata 'yar al'ada da duk yarana suka sani: in ina zagayawa na ga yaro zai kauce, sai in ɗan ƙwanƙwasa zobena a kan tebur, in ya kai yatsa kan daidai kuma sai in yi shiru in wuce. Ban taɓa buɗe baki na faɗa wa yaro amsa ba, Allah shi ne shaida. Ƙarfafa gwiwa ne kawai. Ranar na yi wa yara kamar goma sha biyu haka, ita Rediyo kuwa na tsaya a kanta fiye da rabin gwajin, domin da ta ci sai na'urar ta ƙaro mata dogon rubutu, ni kuma ba zan tafi in bar ta a tsakiyar ruwa ba. Ta fito kore.

A gwaji na biyu sai ga Rediyo ja, can ƙasan jajayen ma. Mahaifiyarta, mai aikin shara ce a wani asibiti, ta nemi izini a wurin aiki ta zo da takardar a ninke cikin leda, tana tambayata cikin ladabi yaya aka yi 'yarta ta manta karatu a wata huɗu, ko wani abu ne ya same ta a kai. Na ce mata laifin na'ura ne. Ta roƙi a sa ta a ajin tallafi, muka je wurin hedimasta tare, ya ce doka ja biyu ne a jere, ita kuma kore ɗaya ja ɗaya gare ta, sai a jira gwaji na uku. Gwaji na uku ƙarshen shekara ne, daga nan ta wuce aji huɗu, ajin tallafi kuwa a aji uku ya tsaya. Ga kujera biyu babu kowa a ɗakin, ina ganinsu ta taga kullum. Kin ga aikin Alƙali ko? Yau ya ce yarinya ta iya, gobe ya ce ba ta iya ba, kuma a ce da wannan za a auna shekarata ashirin da biyu.

Wani abu ɗaya da ya ƙara tunzura ni. Kwana biyu bayan sakamakon, Ƙarama ta same ni ni kaɗai ina goge allo. Ta yi ta murza gefen gyalenta, sannan ta ce wai da ta tsare ajina ta lura yaran ba sa kallon kwamfuta sosai, hannunta suke ta kallo, har Rediyo ta tambaye ta ina zobenta. Daga nan ba ta ƙara ko kalma a kai ba, sai ta ce in na yarda tana so ta riƙa zama da Rediyo lokacin tara, kamar yadda na yi mata. Na ce ta je ta ji da 'yan ajinta, ban mutu ba tukuna. Ta ce in yi haƙuri, ta ɗauki jakata ta kai mini har bakin titi. A daren ranar ban ci abinci ba, washegari na rubuta takardar.

Yaya, ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. In miƙa takardar nan? In ban miƙa ba, yaya zan zauna a kan benci ƙarshen wata ɗalibata tana koya mini aikina? Kuma yaya zan yi da wannan abin da ya tokare mini ƙirji, da ko sallamarta na ji sai ya motsa?

Taki,
Malamar da alli ya ci wa yatsu

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Kin ce in faɗa miki gaskiya, kuma kin sauƙaƙa mini aikin, domin kusan duk gaskiyar tana cikin wasiƙarki, ke da kanki kika rubuta ta.

Bari in fara da inda kike da haƙƙi. Hedimastanku bai kyauta ba da ya manna sakamakon yara a saman butar shayi. An kawo gwajin nan ne don a gano yaron da ke buƙatar taimako da wuri, shi kuma ya mayar da shi gasar malamai. Duk makarantar da aka yi haka, malamai za su fara tsoron launin ja fiye da yadda suke tsoron yaro ya wuce aji bai iya karatu ba. Haka nan na'ura ba ta san zaman da kika yi a ƙarƙashin matakala ba, ba ta san waƙar wasula ba, kuma ba daidai ba ne a yanke hukuncin kujera da gwaji biyu kawai. Kishin ma ban ga abin ɓoyewa a ciki ba. Shekara ashirin da biyu kina gaba, rana ɗaya aka tafa wa wadda kika raina da hannunki, ko waye sai ya ji. 'Yarki ta faɗi sunan ciwon daidai, maganinta ne bai isa ba.

Yanzu takardar. Na kai bayaninki, ba tare da wata alama da za a gane ki ba, wurin wata ƙawata da ta daɗe tana aiki da irin wannan gwaji. Ta ce abin da kika ji ta taga shi ne ainihin abin da ake so mai tsaron gwaji ya faɗa: kada yaro ya yi kame-kame, kada a taimaka masa, a bar shi ya nuna iyakar abin da ya sani. Jajaye goma sha ɗaya da Ƙarama ta samu su ne gaskiyar ajinta a ranar. Ta kalle su, ta sha kunyar, ta san wa za ta fara kamawa, ta yi wata huɗu tana aiki a kansu. Kuma ki tuna, a gwaji na biyu ke ce kika tsare ajinta. In da akwai maguɗi a hawan kibiyoyin nan, a gaban idonki aka yi shi, kuma ba ki ce kin ga komai ba.

Wadda ta taɓa ma'auni a labarin nan, Malama, mai zobe ce. Na yarda ba ki taɓa buɗe baki kin faɗi amsa ba, na kuma yarda tausayi ne ya sa ki. Amma ki leƙa shago ki tambayi maigidanki abin da ke faruwa in uwa ta sa ya ƙara wa ɗanta inci uku a awo don kada a ce yaron bai girma ba. Rigar za ta fito, yaron ne ba zai iya sa ta ba. Gwajin da ke ƙara wuya duk lokacin da aka ci, kowace ƙwanƙwasa taki ɗaga Rediyo take yi zuwa matakin da ba nata ba, shi ya sa kika kasa barin kanta. Na'urar ba ta canja magana ba. A karon farko ke ta auna, a karo na biyu ta auna yarinyar. Rediyo ba ta manta karatu a wata huɗu ba, ba ta taɓa iya shi yadda takarda ta ce ba, kuma a can ƙasan ranki kin sani, tunda ke kika ce tana kallon hoto tana ƙirƙiro labari. Kibiyoyinki da ke kwance ma haka ne. Mai yiwuwa yaranki sun ci gaba sosai a zangon nan, amma ba yadda za a gani, domin an fara awon daga inda ba su kai ba.

Sannan ki sake karanta abin da kika rubuta game da ranar da kike goge allo. Yarinyar nan ta gane komai. Tana da abin da za ta kai ofis ta gama da maganar kujera a minti biyar, ba ta kai ba. Ta zo ta same ki ke kaɗai, ta faɗa miki a hankali, ta nemi ta taimaki yarinyar ba tare da an ji ba, ta ɗauki jakarki. Asirinki take rufawa, ke kuma kina yawo da takardar ƙararta a cikin jakar da take ɗaukar miki.

Ga shawarata. Ki yaga takardar yau, kada ki jira gobe. In kika miƙa ta, za a binciki ranar gwajin farko a ajin biyu, kuma yara 'yan shekara takwas ba sa iya riƙe sirri, balle wadda ake kira Rediyo. Amma ba don tsoron wannan nake so ki yaga ta ba, don ƙazafi ce, kuma ba halinki ba ne.

Bayan haka ki shiga ofishin hedimasta, da ƙafar nan da kika shiga nema wa Ƙarama aiki, ki gaya masa abin da zobenki ya yi. Ki kai masa sunayen yaran da kika ƙwanƙwasa wa tebur, ki nemi a soke sakamakonsu na farko a sake gwada su cikin makon nan. Doka ta ce ja biyu a jere. Abin da ya tsaya tsakanin Rediyo da kujerar da kike hangowa ta taga shi ne kore ɗaya na ƙarya, kuma duk duniya ke kaɗai ce za ki iya cire shi. Ba zan ruɗe ki ba, abin zai yi tsada. Wataƙila ki sha faɗa, wataƙila a rubuta miki gargaɗi, kuma kujerar sashen karatu kusan tabbas ta tafi a wannan karon. In ya huce, ki gaya masa cikin ladabi ya cire takardar nan daga ofishin malamai, domin ba ke kaɗai ce irin wannan allo zai iya jefawa cikin jaraba ba. Sannan ki nemi mahaifiyar yarinyar ki cire mata fargaba, ki ce ba abin da ya sami kan 'yarta, kuskuren daga wurinki ne. Matar da ta bar aiki ta zo da takarda a leda ta cancanci jin haka daga bakinki.

Ƙarama kuwa, ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki ce mata kin ji abin da ta faɗa, kin gode, ku raba lokacin tara tsakaninku. Ranar taro ki zauna a layin gaba da littafi da biro. Zai yi zafi, kishi ba ya fita rana ɗaya, zai riƙa motsawa in kin ji takalminta. Ki bar shi ya motsa, kada dai ki ba shi biro ya sake rubuta takarda. Kuma zoben nan, ranar gwaji ki bar shi a gida.

Kin tambaye ni yaya za ki zauna ɗalibarki tana koya miki aiki. Ki tuna yadda aka yi ta iya. Lokacin da aka kawo miki ita da majina, ba ki ƙwanƙwasa mata tebur ba, ba ki tayar da ita gaban baƙi don ta burge su ba. Kin yarda ba ta iya ba, kika zauna da ita zango biyu har ta iya. Abin da ta yi wa jajayenta goma sha ɗaya ke nan, kuma gaskiya ta faɗa da ta ce a wurinki ta koya. Yanzu ga wata 'yar shekara takwas a ajinki da ke buƙatar malamar nan, kuma zango ɗaya kawai ya rage mata.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar ofishin nan, ya sa watarana Rediyo ta karanta miki shafin da ba ta taɓa ji ba.

Yayarki mai fili